Za Mu Neme Ka

Zagaye na huɗu ke nan, yau a wani bene a Barnawa.
Takalmin Shitu ne a ƙafata, yana cizon ɗan yatsa,
kuɗin keke daga Rigasa ya haɗiye na abincin rana.

Sanarwarsu cewa ta yi ɗan koyo ake nema,
amma mai gogewar shekara biyar
a harshen kwamfutar da ko yaye shi ba a yi ba.
Na karanta sau biyu, na yi dariya,
na kuma tura takarduna.

Na farko ta waya aka yi.
Ina tsakar bayani aka ɗauke wuta, sabis ya bi bayanta,
fuskata ta daskare a allonsu, baki a buɗe.

Na biyu suka ce ga ɗan aikin gida,
awa uku ya ishe ka.
Dare shida na yi a kansa, janaretan maƙwabci na taya ni hira.
Bayan mako biyu na leƙa shafinsu,
sai ga maɓallin da na zana,
kore shar, yadda na bar shi.
Ko sannu.

Na uku wata baiwar Allah ta tambaye ni raunina.
Na so in ce yunwa.
Na ce mata yawan son aiki, ta rubuta.

Yau su uku ne, ni ɗaya, da farin allo,
da alƙalamin da tawadarsa ke haki.
Mai gilashin ya ce, juya mana wannan bishiyar lambobin,
reshen dama ya koma hagu, minti goma.
Ba kwamfuta, ba bincike, ba tambaya.
Wa ya taɓa gwada tela
da ɗinka riga a iska, ba keke, ba zare?

Shekara biyu manhajata na aiki a kemis ɗin Malam Barau a Tudun Wada,
tana ƙirga kwali, tana tsegunta maganin da ya kusa lalacewa,
ba ta taɓa kwana da bashin kowa a ɓace ba.
Babu wanda ya tambaye ni ita.
Agogo suke kallo.
Gumi ya bi hannuna ya goge rabin reshen.

Da na kawo zancen albashi, suka ce mu nan iyali ɗaya ne.
Nawa kake so?
Nawa kuke biya?
Sai kallon kallo.
Ko a Kasuwar Barci mai kaya kan buɗe baki ya sa suna.

Za mu neme ka.
Na san wannan jimlar, ina da guda bakwai a gida,
kowace da ranarta, kowace da shirunta.

Sai da keke ya hau gada,
kogi na tafiyarsa ja da ruwan damina,
sannan bishiyar ta juye a kaina,
layi huɗu kacal, ba gargada.
Na rubuta a tafin hannu, ban san don wa ba.

Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi.
Malam Barau ne.
Wai injin rasit ya cije,
in biyo in na samu sarari,
ya ajiye mini kunun aya mai sanyi.