Makiyayi Ba Garke

A rugar Jabbi, gabas da Kware,
kwikwiyo huɗu cikin tsohon kwando.
Ni na nuna mai barcin nan,
mai taiɓa, wanda ko ƙuda bai kora ba.
Kulu kuwa, autata, ta tsuguna
gaban wanda ya kama bakin zanenta yana ja
kamar ya biyo ta bashi.

Jabbi ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.
Ya ce, "Malam, uwar wanga shanu sittin taka tarewa.
In ka kai shi birni, ba tuwo zai tambaye ka ba,
aiki shika ci. In babu, ya ci gidanka."
Na ɗauka zolaya ce irin ta bakin ruga.
Na ba shi goro da kuɗin gishiri,
muka hau babur mu uku,
ɗaya cikin buhu, kai a waje.

Mako bai cika ba a Runjin Sambo
takalmina na Juma'a ya rasa ɗan'uwansa.
Igiyar shanya ta sauko ƙasa da kayanta.
Ya tara kajin Inno a kusurwar rijiya,
ya kwanta, haɓa bisa ƙafa, ido ba ƙiftawa,
wadda ta motsa ya mayar da ita sahu.
Kwana tara ba mu ga ƙwai ba.
Kulu ta raɗa masa Guguwa.
Babu wanda ya yi musu.

Maƙwabcina Sidi ya leƙo ta katanga:
"Kare a gidan malami?"
Na ce kwanonsa daban,
makwancinsa can gindin darbejiya,
bai taɓa taka tabarmar salla ba,
in ya lashi abu, mun san yadda ake wanki.
Ya tafi yana girgiza kai.
Daren da aka kwance masa tunkiya,
da safe shi ya fara tambaya ko Jabbi na da saura.

Allurar hauka a asibitin dabbobi,
katin na cikin akwati, tare da takardar fili.
Kaska aikin Lawali ce duk Asabar,
yana tsince su daga kunne yana jefawa a kalanzir.
Da bazara, in rana ta fara gasa ƙasa,
mukan jiƙa masa buhu ya kwanta a kai,
harshe a waje,
amma ido na kan ƙofa.

Sannu a hankali maganar Jabbi ta cim mini.
Na tafi kasuwar Acida
na sayo jajayen awaki uku,
ba don suna ba, ba don riba ba.
Inno ta riƙe haɓa:
"Mutane na neman kare don dabbobi,
kai ka sayo dabbobi don kare."
Ban tanka ba. Me zan ƙara?

Yanzu da an sallame asuba
yana bakin zaure, wutsiya na share ƙasa.
Mu gangara fadama,
inda masu albasa ke tayar da injin ban ruwa,
shi ya yi gaba, ya yi baya, ya kewaya,
tafiyata ɗaya, tasa goma.
Akuyar da ta saci hanya zuwa gonar wani
ba ta kai wa ganye na biyu.

Shekara uku likita na cewa in riƙa tattaki
saboda sukari, ina ce masa gobe.

Jiya gwiwa ta matsa mini,
na zauna hutawa a gindin giginya.
Ya bar awakin, ya zagayo ta bayana,
ya dungure ni da hanci a agara,
ya ja da baya, ya kafa mini idon nan
da kajin Inno suka sani.

Na tashi.
A hanya na ƙirga da yatsu:
ashe garken nasa huɗu ne.