Kunnen Doki

Sau bakwai na hau mota daga Dadin Kowa,
sau bakwai na sauka Gombe da takarda a hula.
Ta huɗu akuya ce ta biya,
ta shida buhun albasa.

Kan fadama ne, taku arba'in da ɗoriya,
tun shekarar da Gongola ya cika ya lashe iyaka,
ya tafi da dutsen da kakana ya kafa.
Alƙalin Deba ya bai wa Bappayo.
Na ce ban yarda ba, a kai sama.

A sama mutum biyu ne kan kujera.
Mai tabarau ya yi karatu har azahar ta gota,
na tsinci sunana sau uku cikin Turanci,
tafinta ya raɗa mini: Sambo, wannan naka ne.
Na fara gyara zama.
Sai na biyun ya yi gyaran murya,
shafi biyu kacal, ya rufe, ya cire hannu.
Tafinta ya dubi ƙasa.

Ɗaya da ɗaya.

Ni na san kunnen doki.
A kokawa in an yi canjaras
sai a yayyafa ruwa a sake shiga,
a dara a kwashe 'ya'ya a sake zubi.
Ko mai awon tumatir, in sikeli ya tsaya cak,
ba ya cewa ɗayan kwandon ya fi.

Lauyana, a gindin darbejiya,
yana kaɗa makullin mota, ya ce:
mai son a ture katanga shi ke neman rinjaye,
in hannu bai ishe ta ba, tana nan inda take.
Ba su ce Deba ta yi daidai ba, Malam,
ba su dai taru sun ce ta yi kuskure ba.

Na ce, to wa ya faɗi?
Ya ce, babu.
Na ce, to wa zai yi shuka?

Bappayo ma bai yi guɗa ba.
Mota ɗaya muka shigo, gwiwa na gugar gwiwa,
har Kwadon babu wanda ya yi tari.

Na biya magatakarda ya ba ni na mai tabarau,
shafi goma sha tara, yana ƙasan akwati.
Wani dare Dudu kan karanta mini, tana fassarawa,
in ce ta maimaita wurin dutsen.
Da safe in bi ta bakin fadama
in ga albasar ta yi kyau bana.