Takardar Gonar Zaitun

Da safe doka, da yamma Italiyanci,
haka jadawali ya raba ni gida biyu
a shekarata ta biyu a jami'a, nan Melbourne.
Tarago kan ɗauke ni daga Coburg gari bai gama wayewa ba,
jaka na rinjayar kafaɗata:
dokar kwangila da ta gado a gefe guda,
ɗaya gefen ƙamus mai yagaggen bango.

Malam Delmonaco ya ce, "Ornella, kar ki yi gaggawa,
harafin nan tagwaye ne, tsaya a kansa
kamar mai sauka matakala da kwanon miya a hannu."
Na tsaya. Na ci jarrabawa.
Ranar Lahadi na kai sabon harshena gida
yana ƙamshin kanti, ko wankin fari ba a yi masa ba.

Kakata Nunziata na murza taliya a kan katako,
gari har gwiwar hannu.
Na gaishe ta yadda littafi ya koya mini.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Wa ya aiko ki? Gwamnati?
Haka masu karɓar haraji ke magana a ƙauyenmu."

Ashe abin da na shekara ina haddacewa
ba shi take rera mini ba in barci ya ƙi zuwa.
Nata na duwatsun Kalabriya ne,
yana gatsar wutsiyar kalma ya haɗiye,
babu shi a ƙamus,
ba a ba da maki a kansa.

A ajin tarihi an tambaye mu
wa ke yanke cewa wannan harshe ne, wancan kari ne kawai.
Hannuwa suka tashi. Nawa na kan cinya.

Watan Yuli, sanyi da yayyafi,
ta jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado.
Maɓallai, hoton jirgin ruwa, haƙorin wani yaro,
sai takarda mai ninki huɗu, ta yi launin shayi.
Hatimi biyu, rubutun akawu mai lanƙwasa,
can ƙasa inda sunan kakana Saverio ya kamata ya zauna
gicciye ne karkatacce, alƙalami ya huda takardar.
"Itacen zaitun arba'in da ɗaya," in ji ta.
"An ce masa jingina ce, in ya dawo ya fansa.
Ke da kika yi karatu, me ta ce?"

Na karanta sau uku.
Na tsaya a kan kowane tagwayen harafi.
Babu jingina a ciki. Sayarwa ce, ta har abada,
da shaidu biyu masu sunan gida ɗaya da mai saye.
Doka ta taso mini a ka tana lissafi:
yaudara, rashin sani, sannan shekara sittin da suka rufe ƙofa.
Harshe biyu gare ni da rabin digiri,
na rasa kalma ɗaya da ba za ta yanka ba.

Sai na ajiye na littafi,
na lalubo nata, gutsure-gutsure, yadda na tsinta a kicin.
"An sayar, Kaka."

Ba ta ko daina yankan taliya ba.
"Tun a jirgi na sani, daga yadda suka yi ta yi mana dariyar bankwana.
So nake wani namu ya gani da idonsa."
Ta gyara mini ƙarshen kalmar da na faɗa,
ta ce na ja ta da yawa.

Litinin, darasi a kan yardar masu ƙulla ciniki.
Ana ta rubutu.
Ni a gefen shafi ina gwada rubuta sunan da take kiran zaitun ɗanye,
na soke, na sake,
babu wanda zan tambaya ko daidai ne.