Mai Karanta Mita a Zauren Majalisa

Ni ne Nemesio Limachi, mai karanta mitar ruwa.
Shekara goma sha tara ina durƙusawa a ƙofar gidajen mutane
kamar mai neman gafara,
in ɗaga murfin ƙarfe, in goge gilashi da babban yatsa.
A garinmu, can ƙololuwar tsaunukan Bolibiya,
numfashi ma sai da lallashi yake shiga ƙirji.

Daren Talata suka kira ni majalisa,
kujerar baya, ko za a buƙaci lissafi.

Kansila Apaza ya miƙe, ya ce a ƙara kuɗi,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Bututun ƙarƙashin kasuwa ya girmi mahaifiyarsa,
rabin abin da ya ɗauko ƙasa ke shanyewa
kafin ya kai bakin kowa.
Gaskiya ya faɗa. Na san wurin.
Ciyawar can ta fi ta ko'ina kore.

Tiburcia Callisaya ta cire malafarta, ta kifa bisa tebur:
"A ƙara wa wa?
Mai wankin ulu da ke auna ruwa da kofi,
ko kamfanin ma'adinai da ke wanke duwatsu da rabin kogi
ya sallame mu da kalanda duk shekara?"
Aka yi ta tafi.
Tafi dai ba ya liƙe bututu.

Wani saurayi mai jakar fata, daga babban birni,
ya shimfiɗa zancen bashi: banki zai bayar, shekara talatin,
jikokinmu su ƙarasa biya.
Wani ya ce a miƙa wa 'yan kasuwa, su suka iya.
Tsoho Eulogio, ba wanda ya ba shi izini,
ya ce ramin tankin tudu da hannunsa ya haƙa,
shi da marigayiya matarsa, Lahadi bayan Lahadi,
ko sisi ba su karɓa ba.
To yau wa zai sayar, kuma da sunan wa?
Aka ce ya zauna.

Sannan suka tuna da ni.
"Limachi, gida nawa ake bi bashi?"
Na ce ɗari uku da goma sha biyu.
Ban ce ɗaya na goggona Fortunata ne ba,
wadda ta goya ni shekarar da uwata ta kwanta.

Shida suka ɗaga hannu. Shida suka naɗe nasu.
Shugaba ya dubi agogo,
aka ɗage magana sai bayan zaɓe.

A waje farin wata ya sauka kan tsauni.
Ƙanƙarar da kakana ya rantse ba ta ƙarewa
ta ja baya kamar gashin goshin dattijo.
Ita ke biyan mu duka,
ba ta da kujera a zauren.

Da safe takardar yanke ruwa na aljihuna,
da hatimi, da sa hannu, tun watan jiya.
Goggo ta gan ni tun daga kwana.
Ba ta tambaya ba.
Ta buɗe famfo, ta cika tukunya, tulu, har kwanon kare,
ta dafa mini shayin ganye da abin da ya saura.

Sifana na cikin jaka, ina jin nauyinta a gwiwa.
Shayin da zafi.
Na ce bari ya huce tukuna.