Shafi Tara

Shekara huɗu Modi na hawan kabu-kabu
daga Kalambaina zuwa kotu a Sakkwato,
takardar asibiti a aljihu
ta yi laushi kamar tsumma.

Ran da nakiyar masu fasa dutse ta tashi
yana duƙe cikin albasarsa.
Tun ranar duniya ta yi masa shiru.

Lauyan kamfani ya ce tsufa ne.
Modi ya ga leɓe na motsi,
ya gyaɗa kai, ya zaci gaisuwa ce.

Yau alƙali ya karanta shafi tara.
Ige ta buɗe tafin hannun ubanta,
ta zana da yatsa, da ajami:
diyya.

Ya ɗaga murya, har magatakarda ya waiwayo:
"A ciki sun sa kiran assalatu?"