Idon da Ke Ƙiftawa

Ranar Talata suka kashe tukunyar tururi,
sai Alhamis bulon cikinta ya huce.
Masana'antar man gyaɗa ta yi tsit,
har ana jin kurciya a kan rufin kwano
da gurnanin motocin da suka nufi Ɗan Isa.

Na zo da ɗan akwati a hammata.
Baba Nomau ya leƙa, ya ce: Wannan ne magajina?
Shekara ashirin da bakwai yana tsugune
gaban 'yar kafar leƙe,
girarsa ta dama ta ƙone, ba ta sake tsirowa ba.

Na ce: Baba, riƙe mini bututun.
Ba tsakiyar harshen wutar muke nema ba,
gindinta, inda take shuɗiya.
Nan take fid da wani haske
da ke can bayan shuni,
inda launuka suka ƙare wa ɗan Adam.
Ko marina ba su taɓa tsoma zane a cikinsa ba.

Na karkata shi ƙasa kaɗan,
kada ya hangi tartsatsin kunnawa ya zaci wuta ce.
Bulo kuwa, in ya so ya yi jawur,
ba ya ruɗin wannan ido.

Sai Baba ya yi shiru.
Bulo ne ya ruɗi Tsahiru.
Wuta ta mutu da asuba, bango na nan ja,
gazuwal na ta kwarara ciki,
shi kuwa ya danna makunni.
An ji ƙarar har Mokoyo.
'Yarsa ce ke tuyar awara a bakin ƙofa yanzu.

Na ɗaura wayoyi huɗu,
na jona siririyar iska mai kore toka daga gilashin.
Gumi ya cika mini ido, ban ga lambar ba,
shi ya karanta mini.

Juma'a, da aka sauko daga masallaci, muka kunna.
Na kashe wutar da gangan.
Baba na ƙirgawa: ɗaya, biyu,
kafin ya kai uku
ƙarfe ya ce ƙwas, mai ya tsaya.

Muka sake kunnawa. Ya kasa kunne:
Me ke ƙas-ƙas a cikinsa?
Na ce: Ƙiftawa yake.
Jifa-jifa yana rufe idonsa da kansa,
in ya ga wuta alhali a rufe yake
ya san ƙarya yake gani,
sai ya tsai da komai.

Ya daɗe yana kallon abin.
Ni dai, in ji shi, ban taɓa yarda in ƙifta ba.

Na bar masa ƙyallen goge gilashin, duk Asabar.
Ya ninke, ya sa a aljihu.
Da na kai ƙofa na waiwaya,
ga shi a tsugune, ido ɗaya a kafar leƙe,
su biyu suna gadin wuta guda.