Minti Bakwai a Kakuri

Malama Hansatu ta ce minti bakwai,
ko daƙiƙa ɗaya kada ta hau kai.
Mu huɗu muka zauna gindin dalbejiya
a bayan ajinmu, nan Tudun Wada,
da biro ɗaya da gyaɗar ɗari biyu,
muna yanka duniya daidai aljihu.

Tasi'u na son tseren mota a gadar Kawo.
Muka tambaye shi, motar wa?
Kuyet ta ce tana da maƙwabci a Kakuri,
Baba Lurwanu, tsohon ma'aikacin masaƙa,
an rufe ƙofa tun muna rarrafe,
har yau katin aikinsa na cikin hularsa.
Barira ta buɗe littafi.

Mako biyu muna zana akwatuna a takarda,
nan fuska, nan hannu, nan ƙofar ƙarfe.
Muka rubuta masa kalmomi masu nauyi,
irin waɗanda ke sa malami gyaɗa kai.

Ran Asabar muka haye kogi a keke napep,
kyamarar aro a cinyar Barira kamar jaririn mutane,
ni da makirfo ɗaure a bakin gora.
Baba ya duba takardarmu sama da ƙasa,
ya ce, "Wannan ai ba bakina ba ne."
Ya ninke ta huɗu, ya tokare ƙafar benci.

Sai ya yi nasa.
Yadda jiniya ke riga zakara tashin unguwa,
yadda auduga ke kwana a gashin hanci,
yadda kekuna ke cika titi in an tashi aiki
har akuya ta rasa wurin tsallakawa.
Janareton mai walda ya tsoma baki,
hadari ya haɗo ta wajen Sabon Tasha,
Tasi'u na ihu, haske na gudu, a yi sauri.

A ƙofar masaƙa ya dafa kwaɗo mai tsatsa,
ya yi doguwar magana, idonsa kan ciyawa.
Na ga leɓensa na motsi, na ji daɗi,
ban ga wayar da ta zare a gindin gora ba.

Dare uku muna tacewa a kwamfutar Kuyet,
wuta ta zo, wuta ta tafi.
Da muka iso wurin, daƙiƙa arba'in babu sauti.
Barira ta dube ni, na dubi silin.
Kuɗin komawa babu, mai kyamara ya karɓi abinsa,
Litinin kuma ba ta jiran kowa.
Muka bar shi haka, bebe.

Malama ta kalla da jan biro a hannu.
Ta ce hoton farko kamar a kwalekwale aka ɗauka,
janareto ya cinye rabin minti na uku,
sunayenmu a ƙarshe sun cika ɗagawa.
Sai ta cire tabarau.
"Amma shirun nan na bakin ƙofa,
wa ya yi tunaninsa?"
Ƙafar Barira ta taka tawa a ƙarƙashin tebur.
Na ce, "Waya ce ta zare, Malama."
Ta rubuta sittin da uku,
ta ce sittin na aiki ne, ukun na gaskiya.

Bayan mako na koma Kakuri ni kaɗai.
Baba ya riƙe wayata nesa da fuska,
ya kalla sau biyu.
A wurin shirun leɓensa ya bi na hoton.
Na ce, "Baba, me kake faɗa a nan?"
Ya ce, "Sunayen 'yan layinmu ne.
Mu sha ɗaya. Saura ni da Bulus."

Ya miƙo min wayar, ya gyara hula,
ya ce, "Ya yi kyau.
Sai dai kun yanke inda na yi dariya."
Takardarmu na nan ƙarƙashin benci,
ruwa ya jiƙa ta, amma benci ya daina rawa.